Kwana biyu da haihuwa ta ƙi abinci: jini zan bi ko nono?

MaiGarke:
Barkanku da war haka, 'yan'uwa. Uwar aladena ta haifi 'ya'ya 12 shekaranjiya, naƙudar ta ja kusan awa shida. Yau ko kallon abinci ba ta yi ba, ta kwanta rub da ciki ta danne hantsa, 'ya'yan sai zagaye ta suke suna tsuwwa. Na sa ma'auni, zafinta 39.8. Nonuwa biyu na baya sun yi tauri, ga zafi. An ɗebi jininta, sakamako ya nuna haftogulobin ya hau, hemogulobin kuma 9.6. Me wannan yake nufi? Ko nonon ya kamata a gwada?

LikitarDabbobi:
Sannu da fama, Malam. Kada hawan haftogulobin ya tayar maka da hankali. Furotin ne da hanta ke fitarwa idan jiki ya sha wuya, kuma haihuwa kaɗai ta isa ta ɗaga shi ko a lafiyayyar uwa. Sai an maimaita gwajin bayan 'yan kwanaki an ga ya ƙi sauka ne yake da abin faɗa. Hemogulobin ƙasa da 10 ƙarancin jini ne, kuma iyaye masu irin wannan sun fi daɗewa a naƙuda, sun fi haifar matattun 'ya'ya.

Amma ni abin da ka gani da ido ya fi damuna. Zafi sama da 39.5, ƙin abinci, da ɓoye hantsa a kwana uku na farko, alamun kumburin hantsa ne. Galibi ƙwayoyin cuta irin su E. coli ke shiga ta kan nono daga ƙazantar daɓe, dafinsu ya danne firolaktin, sinadarin da ke sa a samar da nono, sai ruwan ya janye. A kira likita yau, ya duba har da mahaifa.

TsohonHannu:
Likita ta gama magana, amma ni nakan fara da 'ya'yan. Ɗaga ɗaya ka taɓa cikinsa. In ya lotse, gashi ya miƙe, nono bai isa ba. Sannan ka duba kashinta: in ya bushe kamar tsakuwa ko ma babu, cikinta ya ɗaure, kuma hakan na ƙara dafin da ke shiga jini. Ruwa fa? Mai shayarwa tana shanye lita 20 zuwa 30 a yini, wani lokaci fiye. Kada ka jira takardar gwaji, ka ɗumama 'ya'yan, ka mayar da ƙananan wajen wata uwar da ta haihu kusa da ita.

MaiGarke:
Na gode. Gaskiya tun haihuwar ban ga kashinta ba. To shi nonon, gwada shi ba shi da amfani ke nan, Likita?

LikitarDabbobi:
Yana da shi, in an san lokacinsa. Dakashi ake fara aunawa, a awannin farko, domin ɗan alade ba ya samun garkuwar jiki ta mabiyiya, sai ya sha. Garkuwar da ke cikin dakashi kuma tana zubewa da sauri, cikin awa 24 saura kaɗan. Ɗigo ɗaya a ma'aunin Brix, 'yar na'urar da ke nuna kaurin dakashi, ya isa: 25 ko sama ya yi kyau, ƙasa da 20 ya yi rauni. Kowane ɗa na bukatar aƙalla giram 200. Wannan ya wuce ka yanzu, ka riƙe shi don haihuwa ta gaba.

A yau, a tatsi nonon da ya yi tauri da wani mai laushi, kowanne a kwalbarsa, a kwatanta. Na mai ciwo sukarinsa kan ragu, gishiri ya ƙaru, ma'aunin tsami, wato pH, ya haura 6.7. Kada a yi masa hukunci da lissafin nonon saniya, domin nonon lafiyayyar alade ma yakan ɗauki ƙwayoyin jiki sama da miliyan ɗaya a mililita guda. Tatsar ma ba ta da sauƙi, nonon kan zubo na daƙiƙa 10 zuwa 20 ne kawai, shi ya sa likita zai yi mata allurar oksitosin, mai sa nono ya zubo, kafin ya tatsa. Idan an raini ƙwayoyin cutar da ke cikin nonon da aka tatsa a ɗakin gwaji ne za a gane maganin da ƙwayar cutar ke ji, don haka a ɗebe shi kafin a fara ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta.