Krzyzewski ko Wooden: Wane Ne Gwanin Kocin Jami'o'in Amurka?

Mai buɗe muhawara: Assalamu alaikum. Ni dai ra'ayina shi ne, a ƙwallon kwandon maza na jami'o'in Amurka ba a taɓa yin koci kamar Mike Krzyzewski ba, wanda ya riƙe ƙungiyar Jami'ar Duke tun daga 1980 har ya yi ritaya a 2022. Idan aka haɗa da shekaru 5 da ya yi yana horar da ƙungiyar makarantar soja ta West Point, ya ci wasa 1,202, ya ɗauki kofin ƙasa sau 5, ya kuma kai zagayen ƙungiyoyi huɗun ƙarshe sau 13.

Dattijon zaure: Wa'alaikumus salam. Ɗana, ka yi saurin yanke hukunci. John Wooden na Jami'ar UCLA ya ɗauki kofi 10 tsakanin 1964 da 1975, guda 7 daga ciki a jere, kuma ƙungiyarsa ta taɓa cin wasa 88 ba tare da an doke ta ba ko sau ɗaya. Kofi 5 cikin shekara 42 bai isa a jera shi da wannan ba.

Mai buɗe muhawara: Baba, ba na musun lissafinka, amma gasar da suka buga ba iri ɗaya ba ce. A yawancin shekarun Wooden wasa 4 ake ci a ɗauki kofi, kuma ƙungiya ɗaya kawai kowane rukunin jami'o'i yake turawa, alhali tun 1985 aƙalla ƙungiyoyi 64 ke shiga, sai an ci aƙalla wasa 6. Ga kuma batun 'yan wasa: Lew Alcindor, wanda ya koma Kareem Abdul-Jabbar, shekara 3 cur ya yi wa Wooden wasa, ya ɗauki kofi duk shekara, shi kuwa Krzyzewski a 2015 da 'yan aji ɗaya ya ci kofi, wato Jahlil Okafor da Justise Winslow da Tyus Jones, kuma dukkansu suka wuce NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, da ƙarewar kakar.

Dattijon zaure: Kofin farko na Wooden a 1964 babu Alcindor, babu ma dogon ɗan wasa na a zo a gani, amma sun buga wasa 30 sun ci 30. Sannan hujjarka tana iya juyowa kanka, domin Duke ce ke kwashe zaratan yaran sakandare. A 2019 tana da Zion Williamson da RJ Barrett, duk da haka Michigan State ta fitar da ita da ci 68 da 67 kafin a kai huɗun ƙarshe.

Malamar motsa jiki: Baba, Malam, ku ba ni dama. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne farkon aikin Krzyzewski, domin a kakarsa ta uku a Duke wasa 11 ya ci, aka doke shi a 17, magoya baya na neman a sallame shi, amma daraktan wasanni Tom Butters ya ƙi. Da an biye musu, da yau babu wannan muhawarar. Sai dai, Malam, kada ka kawo mana zinaren Olympics da ya ci yana kocin ƙungiyar ƙasar Amurka a 2008 da 2012 da 2016, domin wanda aka ba Kobe Bryant da LeBron James da Kevin Durant ba aikin jami'a ya yi ba.

Mai buɗe muhawara: Na amince, Malama, na ajiye zinaren. Amma ya ci kofi a 1991 da 'yan wasan da ke zama shekara 4, ya sake ci bayan shekara 24 da masu zaman shekara ɗaya, kuma wannan jarrabawar Wooden bai taɓa zama ya rubuta ta ba.

Dattijon zaure: Ba a yi masa ita ba, don haka ba za a ce ya faɗi ba. Wooden da kofi a hannu ya yi bankwana a 1975, shi kuwa gwaninka North Carolina ce ta doke shi a wasansa na ƙarshe a gida, ta sake fitar da shi a huɗun ƙarshe da ci 81 da 77.