Gidajen abinci na ta rufewa a layinmu, in sabunta haya ko in haƙura?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar abincin sayarwa. Gidan abincinmu yana nan Kano, mahaifiyata ce ta kafa shi, yanzu ƙarfinta ya ja baya ni nake riƙe da shi. Muna yin tuwon shinkafa da na masara, shinkafa da miya, dafa-duka, shinkafa da wake, taliya, sakwara da farfesu, kwanakin baya kuma na ƙara shawarma don jawo matasa. Mutane suna shigowa daidai gwargwado, amma in wata ya ƙare kuɗin awo ma sai na ciwo bashi. Masu irin sana'armu a layin da dama sun rufe, shagon wata ya koma na POS. Haya ta kusa ƙarewa, mai gida ya ce zai ƙara. Waɗanda suke nan daram shekara da shekaru, me suke yi da ba ma yi?

Wani akanta:
Wa alaikumus salam Hajiya. Rufewar nan tana da dalili a fili. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a 2024 ta haura 1,000. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashin abinci sama da kashi 40 cikin 100. Kayan girki sun ninka, albashin mai cin abincin bai ninka ba. Amma wannan kowa ya shafa, har waɗanda suka tsira. Bambancin shi ne su sun san nawa faranti ɗaya yake cin musu.

Ki sayi ƙaramin sikeli. Buhun shinkafa mai kilo 50, in kowane faranti yana cin giram 150 na ɗanya, zai ba ki faranti 330 da 'yan kai. A ce buhun naira 70,000 ne, shinkafar faranti ɗaya ta tashi 210. Sai ki ƙirga farantin da buhun ya fitar a zahiri. In 260 kika samu, ta koma kusan 270, faranti 70 kuma sun tafi a ƙanzo, da ludayin mai zubawa, da ƙofar baya. Haka za ki yi wa nama: ki auna shi ɗanye, ki yanka da ƙirge, misali kilo ɗaya na tsoka yanka 25, ki rubuta adadin kafin ya shiga tukunya, da yamma ki haɗa da abin da aka sayar. Ki sa a lissafin man gyaɗa, markaɗe, gawayi, har robar ɗaukar abinci da leda da cokalin roba, don su ne ake mantawa. Abin da ke cikin farantin kada ya wuce kashi 40 na kuɗin da kike sayarwa. Sauran 60 ɗin ne za su biya haya, 'yan aiki, wuta, ruwa, haraji da ke kanki.

Wata Hajiya mai gidan tuwo:
'Yata, tun daga jerin abincinki na ga inda jarin yake zuba. Kala tara a kicin ɗaya, taura biyu ma ba ta taunuwa. Kowace kala tukunyarta daban, wutarta daban, kwantanta daban. Sakwara in ta huce ta mutu, kuma doya tsada gare ta yawancin shekara. Shawarma tana son gas, firiji, kaza da mayonis, ga ta da saurin lalacewa, kuma matashin da yake son ta Chicken Republic da takwarorinsu masu AC zai nufa, ba za ki iya ja da su a nan ba. Su kuma ba za su iya ja da ke a miyar kuka mai daddawa da man shanu ba.

Ki duba duk gidan abincin da ya daɗe a garin nan, za ki ga da abu ɗaya ko biyu aka san shi: wance mai tuwo, wane mai shinkafa da wake, wance mai masa. Ki riƙe littafi na mako biyu, ki rubuta abin da yake ƙarewa kafin La'asar da wanda yake kwana. Uku na sama ki riƙe, sauran ki sauke, ko ki mayar da su na rana guda a mako, kamar farfesu ranar Juma'a.

Sai ɗanɗano. Yawancin gidajen da aka gada a nan suke mutuwa, hannun uwar ya bar tukunya, miyar yau daban ta gobe daban. Tun Mama tana da ƙarfin zama a kujera, ki zaunar da ita a kicin, duk abin da ta ɗiba da hannu ki auna ki rubuta: ruwa lita nawa, kuka ludayi nawa, daddawa nawa, yaushe ake zuba kanwa, minti nawa ake barin ruɗe kafin a tuƙa. Kuku zai iya tafiya gobe, takardar tana nan. Lokaci ma haka: in kin saba sauke tuwo ƙarfe sha biyu da rabi, kada ya kai ɗaya. Ma'aikaci da direban adaidaita sau biyu za su tarar bai nuna ba, na uku sun sami wani wuri.

Wani mai sarin hatsi:
Hajiya, mai sayen kwano-kwano a kantin unguwa kullum ribarta tana hannun mai kanti. Masara da wake a kasuwar Dawanau da kaka ake sayensu, daga Nuwamba zuwa Janairu. Wake ki tabbatar ya bushe ƙayau, ki zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ki ɗaure kowace leda daban, ki ɗora a kan katako, ba kan siminti ba. In iska ta shiga, ƙwari za su cinye shi kafin bazara. Mai da taliya da magi a kasuwar Singa, katan-katan. Kayan miya a kasuwar 'Yankaba da sassafe. Tumatir yana araha da rani, wajen Janairu zuwa Maris, yana tashi in damina ta kawo kai, don haka lokacin arahar ki shanya kauɗa, ko ki dafa markaɗe har ruwan ya tsotse ki adana. In jarinki bai kai buhu ba, ku haɗu ku uku masu abinci ku raba buhun da kuɗin mota.

Wani ɗan kasuwa, mai cin abinci a waje kullum:
Ni shawarata kada ki ƙara kuɗi, ki ɗan rage malmalar. Mutane ba su da shi.

Hajiya mai gidan tuwo:
Malam, a nan ban bi ka ba. Mai cin tuwo hannunsa ya san girman malmala, ranar da ta ƙanƙance zai ji an cuce shi, ba zai yi magana ba, ƙafa kawai zai ɗauke. Gara ta yi kala biyu, cikakke da rabi, ta raba kuɗin nama da na abinci, ta rubuta farashi a allo kowa ya gani. Mai ƙaramin ƙarfi ya ci rabi ba nama da mutuncinsa. Ƙarin kuɗi kuma kaɗan-kaɗan, ba a jira a yi tsalle ɗaya ba.

Wata mai abincin biki da ofisoshi:
Yaya, ki duba wuta. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin lantarkin 'yan Band A, wato rukunin da aka ce ana ba su wuta aƙalla awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit, don haka ki duba takardar kuɗin wuta ta KEDCO ki ga rukunin da kike. Firiza biyu da janareto yana ruri yini guda don lemo mai sanyi, lemon ba zai biya man ba. Ki sayi naman yini daga mahauci da safe, ki bar firiza ɗaya, abin sha kuma ƙanƙara a kula ta isa. Wake, ganda da tuwo a gawayi ko itace a murhu mai rufi, gas a bar shi don suya da ɗumame. Jiƙa wake tun dare yana rage wuta sosai.

Abu biyu da suka fi tsadar kaya kashe mu: bashi da aljihun gida. Bashi a ba wanda yake da ranar albashi, a sa masa iyaka, in ya kai ta sai ya biya. Tiransifa kada yaro ya yarda da hoton waya, sai alat ya shigo wayar shago. Ki buɗe wa shagon asusunsa, ki yanka wa kanki albashi, abincin da ake kaiwa gida da na baƙi a rubuta shi kamar na kwastoma. Azumi kuma wata guda ne da ba cinikin rana amma haya tana tafiya, ki fara karɓar odar buɗe-baki da abincin sadaka tun Sha'aban, da rabin kuɗi a hannu.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na ɗauki littafi. Saura maganar haya, da me zan auna in ƙarin ya fi ƙarfina?

Akanta:
Ki raba sabuwar hayar shekara gida 12. In cinikin kwana uku yana biyan ta wata ɗaya, ki sabunta, ki nemi yarjejeniyar shekara biyu a rubuce da shaidu. In sai cinikin mako guda zai biya, wurin ya fi ƙarfinki. Ki nemi ƙaramin shago a layin nan dai, inda kwastomomin Mama za su gan ki da ƙafa, ki mayar da girkin gida, a riƙa kawowa a manyan kuloli sau biyu, na rana da na dare. Kafin ki tashi ki karɓi lambobin masu zuwa kullum, ki sanar da su mako biyu kafin ranar.