Tausa da gashi ga mai ciwon baya da ya daɗe: abin da na tsinta a majalisa

Daren jiya hirar majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura ta koma kan ciwon baya, da yake akwai likitan gashin ƙashi a cikinmu. Ya ce ciwon da ya wuce mako 12 shi ake kira daɗaɗɗe.

Aikin hannu da ake yi wa mai ciwon baya iri-iri ne. Akwai tausar naman da ya ɗaure a gefen ƙashin baya, akwai motsa gaɓoɓin a hankali, sai kuma dannawa da sauri sau ɗaya, wadda kan sa a ji ƙas. Wani dattijo ya ce ai ƙarar nan ƙashi ne ya koma mazauninsa. Likitan ya yi dariya, ya ce: "Baba, iska ce kawai a cikin ruwan gaɓa."

Inda aka fi daɗewa shi ne tausa ita kaɗai ba ta isa, sauƙinta na ɗan lokaci ne, sai an haɗa da motsa jiki da tafiya a ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2023 ta sa tausa cikin hanyoyin kulawa, amma ba ta goyi bayan ɗaura bel ko jan baya da na'ura ba. Kwanciya wuni guda ƙara ciwon take yi.

Masu ɗori kuwa, ni dai ba zan yarda a taka mini baya ba, balle tsoho mai raunin ƙashi. Wanda fitsari ko bayan gida ke ƙwace masa, ko ƙafarsa ke mutuwa, ko yana rama da zazzaɓi, ya nufi asibiti a ranar, don tarin fuka ma yana kama ƙashin baya.