Inji ya ɗauke a sama: da me ake farawa?

Sabon Ɗalibi: Assalamu alaikum malamai. Ina da tambaya kan ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, irin Cessna 172. Idan inji ya ɗauke a sama, tayar da shi ake fara nema ko wurin sauka? Kuma in tashi ke nan, juyawa titin da aka baro bai fi ba?

Malamin Tuƙi: Wa alaikumus salam. Ba ko ɗaya, gudu ake fara kamawa. Sunkuyar da hancin jirgi zuwa gudun da littafinsa ya ce ya fi kai shi nesa ba inji: not 65 a samfurin 172N da 172P, not 68 a 172S (not shi ne ma'aunin gudun jirgi, mil ɗaya na ruwa a awa; mil na ruwa kuwa shi ne ma'aunin nisa na jiragen sama da na ruwa). A wannan gudun, kowace ƙafa 1,000 ta tsawo tana ba ka kusan mil ɗaya da rabi na ruwa, in iska ba ta tare ka. Mai ɗaga hanci don ya ƙara nisa, rage shi yake yi.

Sai fili, wanda za ka kai har da rara, ba na sai an yi sa'a ba. Ka fuskanci iska. In gona ce, ka bi tsawon kunyoyi, kada ka yanke su. Wayar lantarki ba ta ganuwa daga sama, turakunta ake nema. Bayan haka ne za ka waiwayi inji, sannan ka sa lambar gaggawa 7700 a taransfonda, na'urar da ke nuna jirginka ga masu kula da zirga-zirgar sama, ka kira Mayday, kalmar neman agaji, sau uku a tashar rediyon da kake kai ko a tashar gaggawa ta 121.5.

Makaniken Jirgi: Gaskiyar malam ce. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, mai ne bai isa gare shi ba: tanki ya ƙafe, ko makunnin mai yana kan wanda babu komai, ko ruwa ya kwanta a ƙasan tanki ba a tsiyaye shi kafin tashi ba. A mai da makunnin kan tankuna biyu, a tura hannun gauraya mai da iska ciki duka, a gwada maganeto, masu ba fulogi wuta, na hagu da na dama.

Abin da ya fi yaudarar mutane ƙanƙarar kabureta ce. Tana haɗuwa ko da zafin waje ya kai digiri 25, muddin akwai laima a iska, domin tururin mai da matsewar maƙogwaron kabureta suna sauke zafi sosai. In ka ja hannun ɗumama ta, inji zai fara tari saboda ruwan da ya narke. Kada ka mayar, alamar yana aiki ce. Kuma da wuri ake ja, don ɗumin daga salansa yake zuwa, mataccen inji kuwa nan da nan yake hucewa. 172S ba ta da kabureta, wannan bai shafe ta ba.

Tsohon Matuƙi: Ɗan'uwa, batun juyawa ka cire shi a ranka in kana ƙasa-ƙasa. Komawa titi ya wuce juyin digiri 180, sai ka ƙara kwana kafin ka daidaita. A karkatar digiri 45, gudun da fiffike ke daina ɗaukar jirgi yana ƙaruwa da kusan kashi 19 cikin ɗari, a digiri 60 kuwa kashi 41. Ga gudu kaɗan, ga tsoro, sai jirgi ya murɗe ya faɗo da hanci. Ka sauka gabanka, digiri 30 hagu ko dama.

Dab da ƙasa: rufe mai, kashe maganeto, sauke filaf (ɓangaren bayan fiffike da ke ba jirgi damar sauka a hankali), sannan ka kashe babban makunnin wuta, don filaf ɗin da lantarki yake aiki. Ɗaure bel tamau, ka zare sakatar ƙofa kada ta maƙale. In itatuwa ne kawai, saita jiki tsakanin biyu, fukafukai su sha dukan.

Sabon Ɗalibi: Allah ya saka da alheri. To in ruwa ne a ƙasa fa, filaf nawa ake saukewa?