Wai ana ɗaukar sankara daga jikin wani?

Gwaggo, daga Tawa: Salamu alaikum. Auta, wai ke kika ce an koya muku a Jami'ar Abdou Moumouni cewa sankara ana ɗaukarta? Maƙwabciyata likita ya ce sankarar hanta gare ta. Tun jiya na hana yara cin tuwon gidanta.

Auta: Wa alaikumus salam, Gwaggo. Don Allah ki bar su su ci, ba haka na faɗa ba. Sankara ba ta fita jikin wani ta shiga na wani. Abin da ake ɗauka wasu ƙwayoyin cuta ne, waɗanda in suka zauna a jiki shekara da shekaru suke iya jawo ta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana cikinsu, kuma ba ta bin kwano ko moɗa. Jini take bi, da saduwa, da uwa zuwa jariri wajen haihuwa, da askar wanzami in ba a canza ta ba.

Kawu: Ni fa ban yarda ba. Sankara gado ce, sai abincin gwangwanin da kuke ci a Yamai. Wannan zancen ƙwayar cuta, masu sayar da allura suka kawo shi.

Yaya: Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, akwai na gado, amma ba shi kenan ba. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin hanta a 1984, daga baya sankarar hanta ta ragu sosai a tsakanin yaransu. Da gado ne kawai, me allura za ta taɓa? Haka sankarar bakin mahaifa da muke gani kullum a asibiti. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya gano wata ƙwayar cuta mai suna HPV, da ake ɗauka ta hanyar saduwa, ke kawo ta, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Nau'i biyu kaɗai na ƙwayar, 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankarar.

Kawu: To muna yara wa bai yi wanka a tafki ba? Da yawanmu mun yi tsargiya. An ce tana sa sankarar mafitsara, ga mu nan da furfurarmu lafiya lau.

Auta: Alhamdu lillahi, Kawu, ai mafi yawa ba sa kamuwa. Nan ne binciken garkuwar jiki ya shigo. Ƙwan tsutsar tsargiya yana maƙalewa a bangon mafitsara, garkuwa ta yi ta faɗa da shi, wurin ya kumbura ya warke, ya sake kumbura. A yawan gyaran nan ne wata tsokar ke lalacewa ta fara tsiro ba tsayawa. Hanta ma haka, balle in an haɗa da gubar da ke cikin gyada ko masarar da ta yi funfuna. Abin da ya fi damuna jarirai ne. Babba in ya kamu da ƙwayar B, yawanci garkuwarsa tana korarta, ƙasa da 5 cikin ɗari ne take zauna musu. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa kuwa, kusan 9 cikin 10 da ita za su girma, ba tare da sun ji komai ba.

Kawu: Na ji ta hanta. Amma ƴan mata ƙanana a yi musu allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa tun ba su yi aure ba, wannan har yanzu raina bai kwanta ba.

Yaya: Dalilin ke nan, Kawu, allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, shi ya sa ake yinta da wuri, daga shekara 9 zuwa 14.

Kawu: Sai na zo Yamai mu zauna.

Gwaggo: To ƴaƴan maƙwabciyar tawa fa?

Auta: Su da mijinta su je a auna jininsu, Gwaggo. Wanda ba shi da ƙwayar a yi masa rigakafi, mai ita kuma likita ya riƙa duba hantarsa.