Sunaye suna ɓacewa idan na haɗa tebur uku a tambaya ɗaya

Mai shago a Zango:
Assalamu alaikum. Ina riƙe lissafin wata ƙungiyar dukawa a nan Damagaram da MySQL, manhajar adana bayanai, a tebur uku: masu saye, odar da suka bayar, da kuɗin da suka biya. Idan na haɗa su da INNER JOIN, duk wanda bai biya ba tukuna sai sunansa ya ɓace, alhali su nake nema. Ina gyaran yake?

Malami daga Birni:
Wa alaikumus salam. INNER JOIN ba ya fito da layi sai ya sami abokinsa a ɗaya teburin. Ka fara da masu saye, ka haɗa sauran biyun da LEFT JOIN. Wanda bai biya ba zai fito, gurbin kuɗinsa yana ɗauke da NULL, wato alamar babu bayani.

Ɗaliba daga Sabon Gari:
Malam ya yi daidai, amma ka kula da WHERE, sashen da ke tace layuka bayan an haɗa tebur, domin sharaɗin da ka ɗora a can kan teburin biya zai sake kore waɗannan layukan, tunda NULL ba ya daidai da komai. Ka mayar da sharaɗin cikin ON, inda ake faɗin yadda za a haɗa teburan. Marasa biya kuwa, da IS NULL ake tace su.

Mai shago a Zango:
Na gode, sharaɗin kwanan wata ne ya ci ni. Yanzu kowa ya fito.