Matasan da na horar kan na'urorin coci sun rikice, ina neman shawara

Malama daga Zuru: Salama a gare ku 'yan'uwa. Wata uku ke nan da dattawan ikilisiyarmu suka ɗora mini sashen na'urori, bayan an yi wa ɗan'uwan da ke riƙe da shi canjin wurin aiki zuwa Birnin Kebbi. Shi kaɗai ya san kan kayan, bai kuma bar komai a rubuce ba. Ni malamar makaranta ce, na karɓa ne don kowa ya noƙe. Na tara matasa bakwai, muka yi horo na yini guda ranar Asabar, har abinci na dafa musu daga aljihuna. Muna da mikisa (na'urar haɗa sauti da daidaita shi) mai layi 16, makirufo shida, majigi, da waya ɗaya da muke watsa sujada a Facebook. Ranar Lahadi Baba Fasto na cikin wa'azi lasifika ta tsala ihu har tsofaffi suka toshe kunne, masu kallo daga nesa kuma suka ce gurnani kawai suke ji. Taron zumuntar mata saura mako biyar. Ta ina zan kama?

Injiniya, Gusau: Ƙanwata, yini guda ba ya koyar da mikisa. Ki dakatar da Facebook tukuna, ki gyara sautin cikin majami'a. Ki raba matasan: biyu a mikisa, biyu a makirufo da wayoyin jonawa, ɗaya a majigi, biyu a kyamarar waya. Kowa ya yi Lahadi huɗu a wurinsa kafin ya taɓa na wani. Darasin farko tsarin kunnawa ne: janareta ya daidaita, sai mikisa, amfilifaya (mai ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai lasifika) a ƙarshe. Wajen kashewa amfilifaya ce farko, in ba haka ba bugun da ke fita yana iya lalata lasifika. Ihun kuwa, makirufo ne ke ɗaukar sautin lasifika yana mayar mata. Kada mai magana ya tsaya gaban lasifika, kuma a rufe duk layin da ba a amfani da shi. A manna salatif a ƙasan kowane layi a rubuta: Fasto, mawaƙa, ganga, jita.

Malama daga Zuru: Na gode Injiniya, amma Facebook ba zai tsaya ba. 'Ya'yanmu da ke Legas da Abuja da shi suke bin sujadar gida, su ne ma suka sayi wayar. Raba aiki kuma ba na so, gara kowa ya iya komai, domin huɗu ɗalibai ne, da an koma makaranta za su tafi Aliero.

Shugaban mawaƙa, Yauri: Malama tana da gaskiya a nan. Gurnanin ma ba wuyar gyara gare shi ba. In an jona waya kai tsaye da mikisa, sautin ya fi ƙarfin ramin wayar, sai ya farfashe. A sa ƙaramin akwatin sauti na USB a tsakani, a ɗauko sautin daga Aux, wato mafitar sauti ta daban da ke jikin mikisa, a kuma ɗora mutum ɗaya da abin kunne yana sauraron abin da ke fita. A bar ingancin hoton a matsakaici, wato 720p, sujadar awa biyu za ta ci data wajen giga biyu da rabi. Amma abin da ke ci mini rai shi ne masu mikisa da ba sa zuwa gwajin waƙa. Yaya za ka daidaita muryar da ba ka taɓa ji ba sai ranar Lahadi?

Wata uwa, Birnin Kebbi: Kuma a daina ɗora wa yaran nan laifi. Kwamiti ba ya ware kuɗin batir, sai makirufo ya mutu a tsakiyar addu'a kowa ya juyo yana hararar yaro. A sa sabbin batura kafin kowace sujada, a ajiye wasu a akwati. Hunturu ma ya kusa, a riƙa lulluɓe mikisa da zane, ƙura ce ke sa maɓallan ƙarar ƙas-ƙas.

Injiniya, Gusau: Na sake faɗa, in sautin ɗaki bai gyaru ba, ɓataccen sauti za a aika wa Legas. Malama, makirufo shidan nan, nawa ne marasa waya? Lasifikokin suna gaban bagade ne ko bayansa? Wa ke saita ƙarfin shigar kowane layi, kuma yana duba fitilar mikisa kada ta kai ja? Ba ki faɗa ba.

Malama daga Zuru: Biyu ne marasa waya. Lasifikokin suna jikin bango bayan bagade, tun ginin majami'ar a nan suke, dattawa ba za su yarda a cire ba. Maɓallan sama na ƙarfin shigar kuwa na hana kowa taɓawa, yadda ɗan'uwan ya bar su haka suke.

Injiniya, Gusau: To ai ga tushen ihun nan. A dawo da su gaba.

Shugaban mawaƙa, Yauri: Ba dole sai an cire ba, a rage ƙararsu a ƙaro biyu a gaba.

Malama daga Zuru: Kuɗin sabbin lasifika babu shi a bana. Akwai wanda ya san inda zan samu akwatin USB ɗin nan a Zuru, ko sai Kontagora?